Ƙaramar Mayyar Tanti Rakiya

Wata Alhamis ce, a shekarar da na shiga aji uku na lakwal, wato makarantar boko, shinkafar unguwarmu ta Saga ta nuna, aka tura mu korar tsuntsaye. Muna zaune a kan kunyar fadama, kowa da gwangwanin tumatir cike da tsakuwa, ƙafafunmu duk taɓo, sai ƙanwar mahaifiyata, Tanti Rakiya, wadda ta zo daga Maradi karatu, ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Muka amsa da ƙarfin da ya tashi tsuntsayen gonar maƙwabci ma. Ranar muka san Dududu, ƙaramar mayya mai hawan taɓarya, wadda tsafinta bai taɓa tafiya daidai ba. In ta so mai da dutse farimasa, wato fanke, sai ya zama kwaɗo. In ta tashi sama, sai zaninta ya maƙale a kan giginya. Wayyo, mun sha dariya har ciki ya ƙulle!

Labarin yana da dokokinsa, Tanti kuwa ba ta wasa da su. Dududu ba ta cin kowa, kwaɗayinta duk a kan abinci yake ƙarewa. Kullum sai ta kwafsa kafin ta dace, kuma kowane mai sauraro yana da damar jefa abu guda a ciki, ita Tanti ta san yadda za ta ɗinke. Babbar dokar ita ce kada a sa sunan wani mai rai ko unguwarsa, domin a wurinmu kalmar maita ba ƙaramin abu ba ce, tana iya raba mutum da maƙwabtansa. Sai ga shi wata rana ƙawata Maimuna, bakinta ba linzami, ta ce kakar Dududu tana sayar da kopto a bakin gada. Kopto kwaɗon zogale ne, kuma mai sayar da shi a bakin gadar mutum ɗaya ce tak, tsohuwa Haisa, Bazabarmiya mai jan ido saboda hayaƙin murhu. Kafin mako ya zagayo yara sun fara gudu in sun hango ta, wasu iyaye sun fara ƙus-ƙus, kwanonta yana komawa gida a cike. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji tausayinta.

Tanti ba ta daki kowa ba. Da la'asar ta kora mu gaba kamar awaki har bakin gada, ta gaishe da tsohuwar, ta zauna dab da ita, ta buɗe labari a nan. Wai Dududu marainiya ce, ba ta da kaka ko ɗaya, ta yi kuskure ta mai da kanta akuya, bokaye duk suka kasa, sai da wata baiwar Allah mai kopto ta ba ta loma ɗaya ta dawo mutum. Tanti ta sa hannu a kwanon ta ci a gabanmu, mu ma muka rufa masa har sai da aka ga ƙasansa. Haisa ta goge ido da gefen mayafi, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ɗiyata, gobe ma Dududu ta zama akuya."

Yanzu ƴata tana kallon tata mayyar a waya, mai doguwar hula da baƙar kyanwa, tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai a ɗaki. Ina jin daɗin dariyar, ba na musu. Sai dai ba ta iya jefa komai a cikin labarin, kuma ba wanda zai kama hannunta ya kai ta gaban mutumin da magana ta taɓa. Mu namu labarin da maƙwabta a ciki muka ji shi.