Mai Daɓe da Ruwan Layinmu

Ƙanena ba ya ƙaunar ganin ƙasa a fili, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Magini ne, amma a layinmu Mai Daɓe ake ce masa. In ya shigo gidanka gaisuwa, kafin ka kawo masa ruwan sha ya gama auna tsakar gida da ƙafa. Ni ma ya shafe mini tawa da siminti har gindin lemona. Lemon ya mutu. Ya ce dama ba ya 'ya'ya.

Aikinsa na da kyau, ba zan rage masa ba. Yakan karkata daɓe kaɗan yadda ko ɗigo ba zai kwana a gida ba, duk ya bi rariya ya fita titi. Mata sun ji daɗi: ba taɓo, shara ta yi sauƙi. Haka ya bi layin gida-gida har ƙasa ta ƙare.

Gidansa ne na ƙarshe, can gangare. Ruwa ya yi ta cin gindin bangonsa na baya, na ɗakin da matarsa ke kwana. Bara bangon ya tsage.

'Yarsa ta karanci zanen gine-gine. Ta zo ta dubi tsagar, ta ce, "Baba, ruwan nan fa naka ne."

"Ni na haɗa hadarin?"

"Kai ka toshe masa wurin shiga. Gardamar da muke ta yi ke nan a wurin aiki: in za ka yi gida, mai shi kaɗai za ka duba, ko har da wanda ke ƙasa da shi?"

"Ku da kuke gini a takarda! Gaya wa gwaggonki ta koma taka taɓo mana."

Ina tsaye a wurin, na ce kada a sako ni, ni har yau lemona nake jira.

Bai yarda ba, amma maganar ta tsaya masa a rai. Da aka sake yin ruwa, sai na hango shi ba ko lema, ya taho daga saman layi, yana tsayawa a bakin kowace rariya. Ya leƙo gidana jiƙe sharkaf.

"Yaya, kin san inda ruwan gidanki yake zuwa?"

"Ban taɓa raka shi ba."

"Ni na raka shi. Ɗakin matata ya kai ni."

Har gobe cewa yake ƙasa a fili muni gare ta. Sai dai ya zo gidana da guduma, ya fasa inda lemon yake a da, ya zuba bokitin ruwa, ya tsuguna yana kallo har ƙasa ta shanye. Ya ƙara wani bokitin don ya ga ko za ta ƙoshi.

Yanzu yana bin gidajen da ya daɓe, yana sallama. "Ku ba ni ɗan wuri a tsakar gida kafin damina ta dawo," yake ce musu. "Kuma don Allah kada ku kira wani ya fasa. Ni na san inda na zuba simintin da kauri."