Malam Sharhabil Idris, Wanda Ya Koya Mana Sauka Daga Dutse

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Oktoba 2025, ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Unguwar Shanu, wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyata Kaltume ce, matar Malam Sharhabil Idris. Ba ta saba kirana a lokacin aiki ba, don haka tun kafin in ɗauka jikina ya ba ni. Abin da ta ce kawai shi ne, "Nafisa, Malam ya cika." Na ajiye alli, na zauna a kan bencin ɗalibai, na yi ta maimaita innalillahi har bakina ya bushe. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Bayan sallar la'asar aka yi masa sutura daga gidansa da ke Rafin Guza.

Malam, ka tafi a daidai lokacin da ka fi so a shekara, lokacin da damina ke ja da baya, duwatsu suna bushewa, ciyawa kuma ba ta gama yin ja ba. A irin wannan watan kake fara kiran waya kana tambayar kowa ko takalminsa na nan da rai.

Mutanen unguwa sun san ka a matsayin mai hawa dogayen turakun kamfanonin waya don gyara. Mu kuwa, 'yan ƙungiyar hawan dutse da ka kafa tare da amininka Ezra Ɗanjuma, mun san ka a matsayin mutumin da ya fitar da mu daga cikin ɗaki, ya kai mu inda ba mu taɓa zaton ƙafarmu za ta taka ba, ya kuma dawo da mu gida lafiya kowace tafiya.

Ni dai ba sha'awa ce ta kai ni wurinka ba. Bayan rasuwar mijina na rufe kaina a gida, hawan jini ya kama ni, likita ya ce sai na riƙa tafiyar ƙafa. Kaltume ta yi ta fama da ni har na yarda in bi ku dutsen Kufena a Zariya wata Asabar. Na fito da silifa, da dogon hijabi mai jan ƙasa, na fesa turare, na riƙo lemon kwalba guda. A gindin dutsen ka dube ni daga sama har ƙasa, ka sunkuyar da kai, ka ce, "Malama, yau ke da Kaltume za ku zauna mana gadin kaya a inuwa. Wani makon sai ki hau." Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina, an taso ni tun daga Kaduna don in yi gadin jakunkuna. Sai da kuka sauko ka zo ka tsuguna nesa kaɗan da tabarmarmu, ka yi mini bayani a hankali. Ka ce silifa ba ta riƙe dutse, kuma tana tsinkewa a inda babu mai gyara. Ka ce hijabin da ke jan ƙasa shi ake takawa a faɗi, gara matsakaici wanda ya rufe jiki amma ya bar ƙafa tana ganin hanya, da wando mai kauri a ciki. Turare kuma, ka ce, yana tayar da ƙudan zuma, kuma a kan dutse ba wurin gudu. Ba ka ɗaga murya ba, ba ka kuma yi wannan magana a gaban kowa ba.

A cikin makon Kaltume ta ja ni wurin 'yan gwanjo, ɗauke da saƙonka. Takalmin kambas mai ƙasan roba mai zurfin zane, wanda ya ɗara ƙafata kaɗan don yatsu su sami wuri a gangare. Safa mai kauri. Jakar goyo mai hannu biyu da maɗaurin ƙugu. Ka ce in sa takalmin in riƙa zuwa makaranta da shi har ya saba da ƙafata, don sabon takalmi a kan dutse ƙuna kawai yake yi. Ka ce in yanke farcen ƙafa. Na yi dariyar wannan, sai da na ga wani a cikinmu ya dawo da baƙin farce yana ɗingishi sannan na daina.

Haka ka koya mana komai, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ka taɓa tara mu ka ce yau darasi za a yi ba. Abu mai nauyi a sa shi kusa da baya a cikin jaka, kada ya riƙa jan mutum. Ruwa ya fi abinci muhimmanci, kuma a sha shi tun kafin ƙishi ya kama. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun fi shinkafa da miya amfani a hanya. Kowa ya rataya usur a wuya, don murya tana gajiya, iska kuma tana ɗauke ta. Kada a tura hannu cikin tsagar dutsen da ido bai gani ba. Inda aka ga dutse ya yi baƙi ko gansakuka ta kwanta, a kewaye shi, ko da hanyar za ta yi nisa. Kuma ba mai shiga mota sai ya tabbatar maka cewa ya gaya wa wani a gida inda za mu da lokacin da ake sa ran dawowarmu.

Na daɗe ban san abin da ya sa kake da wannan tsananin ba, sai Kaltume ta ba ni labari. Kana saurayi, kuna aiki a kan wani turke wajen Katabu, abokin aikinka Mustapha ya faɗo a gabanka. Ɗamarar da ta riƙe shi ce ta tsinke. An daɗe ana jefa ta a bayan mota, rana ta cinye zarenta, amma a ido tana nan kamar lafiyayya. Kai ka ɗauko shi, kai ka je ka gaya wa mahaifiyarsa. Tun daga ranar, in ji Kaltume, ba ka taɓa ɗaura igiya a jikin mutum ba sai ka bi ta da yatsunka daga wannan bakin zuwa wancan. Igiyar da ka daina yarda da ita kuwa ba ka ajiyewa, ba ka bayarwa. Wuƙa kake sa mata ka yayyanka ta guntu-guntu, don kada wani ya tsince ta ya rataya ransa a kai. Na taɓa ganin ka kana yi a ƙofar gida, wani maƙwabci yana roƙon ka ba shi ya ɗaure akuya, ka zaɓi guntun da bai fi kamu biyu ba ka miƙa masa.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar Kagoro. Garin su Ezra ne, shi ya yi mana jagora, kuma mun hau lafiya. A wajen saukowa muka zo wani falalen dutse mai gangare, inda ka kafa igiya kowa ya sa hular kwano ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. Na kai tsakiya sai na yi kuskuren duban ƙasa. Na ga rufin gidaje ƙanana can nesa, hannuwana suka ƙame a kan igiya. Na kasa gaba, na kasa baya. Na manne da dutsen ina kuka, ina tunanin 'ya'yana da ba su da uba, ga uwarsu ta zo ta rataye kanta a inda ba wanda ya aike ta. Mutane daga ƙasa suna ta kira, kowa da shawararsa. Sai na ji ka ce musu su yi shiru. Ka sauko ta gefe da taka igiyar, ka tsaya inda zan gan ka ba tare da na juya ba.

Ka ce, "Malama Nafisa, igiyar nan ni na ɗaura ta, Ezra kuma yana riƙe da ke daga sama. Ko kin saki hannu ba inda za ki."

Na ce, "Malam, ba zan iya ba."

Ka ce, "Ban ce ki sauka ba. Ki dubi ƙafarki ta dama kawai. Akwai ɗan tudu ƙasa da ita. Ki sa ta a kai."

Na sa. Ka ce in ja numfashi. Ka ce in raba ƙirjina da dutsen in bar nauyina a kan dugadugai, don wanda ya manne shi ke zamewa. Daga nan ka nuna mini inda ta hagu za ta. Haka muka yi ta yi, taku bayan taku, kana ambaton Allah a hankali ina amsawa, har na ji hannun Kaltume a kafaɗata. Da muka zauna ina jin kunyar kowa, sai ka ce wa jama'a, kamar zancen bai shafe ni ba, ai sauka ta fi hawa wuya, don a lokacin jiki ya gaji, hankali kuma ya riga ya tafi gida. Ka ce kai ma ka taɓa ƙamewa a kan turke har aka hau aka sauko da kai. Ban sani ba ko gaskiya ne ko don ka rufa mini asiri ka faɗa. Ban taɓa tambayar ka ba.

Ba kullum muke jin daɗinka ba, kuma ba zan ɓoye wannan don ka rasu ba. Akwai ranar da ya rage kaɗan mu kai ƙolin dutse, hadari ya taso daga gabas, ka ce kowa ya juya. Abdulrahman, wanda ya fi kowa ɗokin ɗaukar hoto a sama, ya yi ta gardama cewa hadarin zai wuce. Ka ce masa tsawa ta fi neman wanda ke tsaye a wuri mai tsayi, jiƙaƙƙen dutse kuma ba ya sauraron kowa. Muka sauko muna gunaguni. Hadarin ya watse, ko ɗigo bai sauka ba. Aka yi ta yi maka tsiya a cikin mota har Kawo, kana murmushi. Da aka gaji ka ce in aka sake, haka za ka sake yi. Haka nan lokacin da hanyoyi suka lalace da rashin tsaro, ka soke tafiye-tafiye da yawa, ka mai da mu zagayen unguwanni da sassafe da jakunkuna a baya. Inda za a je kuwa, sai ka kira mai unguwar wurin da mafarautansu ka ji bakinsu tukuna. Wasu sun bar ƙungiyar suna cewa ka cika tsoro. Ba ka taɓa mayar musu da magana ba.

Ciwon hantar da ya ɗauke ka ya daɗe yana cin ka ba mu sani ba. A tafiyarmu ta ƙarshe zuwa Kufena ka duba igiyoyi da ƙugiyoyi kamar kullum, ka miƙa wa Ezra, ka ce yau ba za ka hau ba, ƙafarka na ɗan ciwo. Mun yarda, domin ba mu saba jin ƙarya daga bakinka ba. Da muka je duba ka a asibiti na kasa haɗa ido da kai saboda ramar da ka yi. Kai kuwa sai tambayata kake ko ina shan maganin hawan jinina, ko na ci gaba da tafiyar safe. Ka roƙi kowa gafara. Ka riƙe hannun Ezra ka daɗe ba ka saki ba, shi kuma ya juyar da fuska bango.

Ranar zaman makoki, bayan mutane sun ragu, ƙaninka Yahya ya ce mu nemo hotonka mai kyau a kan dutse, yana so ya wanke ya rataya wa yara a ɗaki. Muka zauna ni da Kaltume da Precious, matar Ezra, muka bi wayoyinmu, hotunan shekaru. Ga mu nan duka a kan ƙololuwa, muna dariya, hannuwa a sama. Kai kuwa ba mu same ka a gaba ko sau ɗaya ba. A wani hoton kana can baya, ɗan ƙarami, kana tafe tare da wanda ya fi kowa gajiya. A wani kana tsugune kana naɗa wa wani bandeji. A wani bayanka kawai ake gani, kana naɗe igiya. Sai a lokacin muka lura cewa duk tsawon shekarun nan kai ne na ƙarshe a hawa, kai ne na ƙarshe a sauka. Kaltume ta zaɓi wanda kake tsugune, ta ce, "Wannan za a wanke. Haka yake."

Ya Allah, ga bawanka Sharhabil ɗan Idris ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Yadda ya tsare rayukan bayinka a wuraren haɗari, Ka tabbatar da ƙafarsa a kan siraɗi, Ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Hajiya Uwani, da matarsa, 'yar'uwata Kaltume, da 'ya'yansa Khadija da Yusuf, da ƙaninsa Yahya da sauran dangi. Ina yi wa Ezra Ɗanjuma da iyalinsa ta'aziyya, domin sun rasa ɗan'uwa, da dukkan 'yan ƙungiyarmu da abokan aikinsa da jama'ar Rafin Guza. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya shirya masa zuriya. Mu kuma da muke nan, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.