Ranar da Muka Kai Kaka Garinsu

Kakata ta wajen uwa ba haifaffiyar Yamai ba ce. Daga wani ƙauye a bayan Tahoua ta zo, shekarar da fari ya cinye musu shanu, da goyo a baya, mijinta na gaba da tabarma. Na tashi na iske ta tana sayar da kopto da dambu a bakin kasuwar Wadata. Kopto ganyen zogale ne da ake kwaɗawa da ƙuli, kuma ƴan dako da teloli sun san nata. A wurin ciniki ta koyi Zabarmanci, har tana faɗa da shi. Ta binne miji, ta binne ƴaƴanta ɗaya bayan ɗaya, saura mahaifiyata kaɗai. Da ƙafa ta gaza, ni da mahaifiyata da yayana muka ɗauko ta zuwa gidan hayarmu a unguwar Talladjé.

Zabarmancin ne ya fara barinta. Maƙwabciyarmu ta gaishe ta wata safiya, Kaka ta zuba mata ido kamar ba ta taɓa jin harshen ba. Daga nan sunaye suka bi. Ni ta mai da ni ƙanwarta da ta rasu tun suna ƴan mata. Likita ya ce tsufa ne, babu magani, mu dai riƙa lura da ƙofa.

Kullum bayan la'asar sai ta ɗaure zannuwanta a ƙunshi, ta zauna bakin zaure.

"Kaka, ina zuwa?"

"Gida za ni tahi. An bar awaki ba ruwa."

Wani lokaci da lallashi take komawa ɗaki, wani lokaci da kuka. Sau ɗaya ta fice ba mu sani ba, wani mai kabu-kabu da ya taɓa cin dambunta ya gane ta kusa da tasha, ya dawo mana da ita, takalmi ɗaya a ƙafa.

Mahaifiyata ce ta ce mu kai ta garinsu. Ta ce ko ido ta sa a garin, wataƙila zuciyarta ta kwanta. Muka shiga motar Tahoua mu uku, daga can muka hau wata tsohuwar a-kori-kura ta ranar kasuwa. Duk tsawon hanya Kaka ba ta yi barci ba. Tana ta lissafa mana abin da za mu tarar: rijiya mai bakin dutse, gawon da ke ƙofar gidan ubanta, ƙawarta mai kitso. Rabona da ganin fuskarta a sake haka har na manta.

Mun isa da rana tsaka. An sare gawon. Rijiyar an rufe ta, an kafa famfo can gefe. Inda gidan yake, wani ya gina shago yana cajin wayoyi. Muka yi ta tambaya har aka kai mu wurin wani dattijo makaho, wanda ya tuna sunan ubanta. Ya ce mai kitso ta daɗe da rasuwa, dangin kuma sun watse, wasu Agadez, wasu Najeriya. Ya miƙo hannu yana mata maraba. Kaka ba ta karɓa ba. Ta dubi shagon, ta dubi famfon, ta jawo gefen mayafina.

"Ƙanwata, mi muke jira nan? Tashi mu tahi, kar dare ya yi muna a garin mutane."

Mahaifiyata ta durƙusa a gabanta. "Inna, nan ne fa. Nan aka haife ki."

"Ke ɗiyar wa ce?" in ji Kaka.

Ban taɓa ganin mahaifiyata ta yi kuka a gaban baƙi ba sai ranar. Matan garin suka kawo mana fura, ba wanda ya iya sha.

Bayan mun dawo Yamai, Kaka ta daina ɗaure ƙunshi. Da farko mun ɗauka sauƙi ne. Ashe ta daina neman komai ne. Ta bar magana, ta bar tuwo, sai kunu cokali kaɗan, shi ma sai an matsa. Takan kwana ta wuni tana fuskantar bango. Ina shafa mata man kaɗanya a ƙafafu, ina ba ta labarin kasuwa, ban sani ba ko tana ji.

Ta rasu cikin damina, da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Layinmu ya cika, mota ta kasa shigowa, maza suka naɗe wanduna suka ɗauki makara a kafaɗa har bakin kwalta. Masu zuwa gaisuwa ba su da yawa. Waɗanda suka san ta da ƙarfinta yawanci sun riga ta gidan gaskiya, sauran kuma tsohuwar da ke zama bakin zaure kawai suka sani.

Da damina ta wuce, yayana ya je maƙabarta ziyara. Ya dawo ya zauna, mahaifiyata ta tambaye shi. Ya ce ruwa ya baje wajen, alamar da suka kafa ta tafi, sababbin kaburbura kuma sun kewaye ko'ina. Ya yi ta zagaye bai gane nata ba. A ƙarshe ya tsaya a tsakiya ya yi wa duka addu'a, ya juyo.