Koren da Ya Maƙale a Kusurwa

A Birnin Konni, in ka ga tsohuwar babbar mota da rubutu a bayanta, kuma layin da ya kewaye rubutun ya lanƙwashe a kowace kwana kamar bakin akushi, ba sai ka tambaya ba, hannun Munkaila ne. Mutumin Tajaye ne, dogo, mai wuya kamar zalɓe, wanda in ka dubi rigarsa za ka san launin duk motar da ya shafa a makon. 'Yan tasha suna ce masa Ba-Kusurwa. Direba zai ce a ja masa layi miƙaƙƙe, Munkaila ya ce to, ya ɗauki buroshi, in ya iso kwana sai hannun ya karkace da kansa kamar jakin da ya san hanyar gida.

A nono ya sha wannan hali. Uwarsa Kande ta yi imani mutanen ɓoye a kusurwa suke raɓewa. Takan ce a dubi rumbu, a dubi tukunya, a dubi ƙwan zabo, wanne ke da lungu? Wanda ya gina ɗaki mai kusurwa huɗu ya yi wa baƙi huɗu shimfiɗa. Da aka gina mata ɗakin bulo, sai da ta sa aka cike kusurwoyinsa da laka kafin ta yarda ta kwana ciki. Malaman Tajaye sun yi mata wa'azi har maƙogwaronsu ya bushe, tana cewa Allah shi saka, tana ci gaba da yaɓe.

'Ya'ya biyu maza suka tsaya mata. Munkaila ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai wanga". Zaidu ne auta, shi kuwa sunansa a bakinta yake kwana. Zaidu ya auri Mansura, ɗiyar Barmo mai amalanke, suka yi damina biyu, gero bai cika rumbu ba. Bayan girbi ya ɗaure jaka ya nufi Libiya biɗa, wato neman arziki, kamar rabin samarin garin. Labarin ƙarshe daga Dirku ya zo, can cikin hamada, a bakin wani da ke komowa: ya ga Zaidu ya sayi jarkar ruwa, ya naɗe ta da buhu, motarsu tana lodi. Daga nan shiru. Ba gawa, ba saƙo, ba ko takalmi. Da shekara ta zagayo Barmo ya kai magana gaban alƙali, alƙali ya yanka wa Mansura shekara huɗu na jira, kamar yadda shari'a ta ce ga matar wanda ya ɓace.

Cikin waɗannan shekaru sana'ar Munkaila ta mutu tsaye. Aka fara shigo da rubutun leda mai manne daga Najeriya, inji ke yanka shi, direba ya liƙa kafin shayinsa ya huce. Sai Almoustapha, wanda suka zauna benci ɗaya a lakwal, makarantar boko ke nan, ya buɗe siber kusa da tasha, wato ɗakin kwamfutoci inda ake biya a shiga intanet. Ya jawo Munkaila.

"Taho ka zamna nan, Ba-Kusurwa. Fentin wanga ba shi ɓata riga. Ƙila ka samu mai aurenka."

"In riga ke kawo aure, kai da ka yi huɗu."

Ya zauna. Ya koyi katin suna da katin biki, ya riƙe linzamin kwamfuta kamar mai riƙe ƙadangare da rai, sannu a hankali har hannun ya saba.

A shekarar 2006 ƙungiyar 'yan Tajaye mazauna Abijan ta aiko a yi mata shafi a intanet. Suna son hoton kowane ɗan gari da ke waje, don na Legas ya ga na Abijan, na Abijan ya ga na Sabha, kowa ya san wa ke ina. Shugabansu Illo, mai tumbi da waya biyu, ya zo da kansa ya faɗi doka: kowane hoto a sa shi cikin ɗan ɗakinsa, mai rai ɗakinsa kore, wanda ya riga mu gidan gaskiya fari, launin likkafani.

To, ku da ba ku sha wannan wahala ba, ku sani kwamfutar wancan zamani ba ta iya lanƙwasa kwana. Kusurwa mai tsini kawai ta sani, kamar bakin kwali. In kana son ta lanƙwashe sai ka zana ƙananan hotuna huɗu, kowanne bai kai farcen jariri ba, ka liƙa su a kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Launin bangon ɗakin da kalma guda ake sake shi, amma kusurwoyin ba sa bin bango. Kowane launi sai an yanka masa nasa huɗun. Almoustapha ya ce a bar su da tsininsu, 'yan Abijan ba su biya kuɗin gayu ba. Munkaila ya ce ba shi sa ɗiyan mutane ɗaki mai lungu. Ya yanka kore huɗu, ya yanka fari huɗu.

Da ya iso hoton Zaidu sai ya tsaya. Hoton ranar aure ne, hula a karkace, yana dariya da wushiryarsa. Ya sa shi a kore, ya wuce, bai gaya wa kowa ya tsaya ba.

Labari ya kai Tajaye cewa akwai madubi a Konni da ake ganin 'yan biɗa. Ranar kasuwa mata suka fara shigowa siber da ƙoransu a ka, suna tuɓe takalmi a ƙofa kamar masallaci. Kande ta zo, idonta ya fara yana, ta kusanto da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta shafa kusurwar ɗakin Zaidu da ɗan yatsa.

"Kai wanga, kai ka lanƙwasa mishi?"

"Ni na, Inna."

"To. Ka yi hankali sau guda."

Amma ba Zaidu kaɗai hamada ta haɗiye ba. Wata tsohuwa daga Alela ta ga jikanta a kore ta ce wannan ƙarya ce, shekara nawa ba ta ji muryarsa ba. Aka ce a mayar fari, ta ce wa ya ga gawarsa? Munkaila ya yanka mata ruwan toka. Mako na gaba wani dattijo ya ce toka ta mutuwar wuta ce, ɗansa ba za shi zauna cikin toka ba. Aka yanka ruwan ƙasa. Wata ta ce ƙasa kabari ce. Aka yanka ruwan goro, aka yanka shuɗi, aka yanka ruwan zuma, aka yanka wani launi da har yau ba shi da suna, tsakanin ganyen kuka da ruwan kwata. Kowanne kusurwa huɗu, kowacce da hannu. Illo ya kira daga Abijan yana faɗa, wai an mayar masa da shafi zanen 'yan mata. Munkaila ya ce ya ji, ya ci gaba da yanka. Mutanen ba su taɓa samun wanda ya tambaye su launin rashin sani ba, shi ya sa suka yi ta ciniki kamar masu zaɓen atamfa. In rana ta yi tsaka siber ya yi shiru, yakan zauna gaban waɗannan fuskoki, duk suna dariya irin ta gidan hoto, ya ji kamar su ke kallonsa suna jiran ya gaya musu inda suke.

Ɗakin Zaidu dai bai taɓa shi ba.

Shekara huɗu ta cika. Alƙali ya ce Mansura ta shiga takaba, in ta fita ta yi aure. Akwai ma mai jira, Mato, direban motar siminti a Malbaza, mutum mai haƙuri kamar tukunyar sanyi. Sai Mansura ta ce ba ta shiga takabar mutumin da duk Abijan da Legas ke gani a kore. Gaskiyarta kuwa. Bakin 'yan biɗa ya fi rediyo nisa, gobe za a ce ɗiyar Barmo ta yi aure kan aure, ga shaida a intanet. Alƙali yana da hukunci, amma mutanen Tajaye sun fi yarda da abin da suka gani a gilashi.

Ranar kasuwa suka zo Konni, ita da ubanta. Kande ta ji, ta hau amalanken maƙwabci ta biyo su, ba wanda ya gayyace ta. Suka taru bayan kujerar Munkaila. Almoustapha, da bakinsa ba ya rufuwa ko a jana'iza, ya ga fuskokinsu ya fita sayen goro.

Barmo ya gyara murya. "Munkaila, ba mu zo da faɗa ba. Yarinyar ga ta yi abin da shari'a ta ce."

"Ta yi, Baba."

Mansura ba ta ɗaga kai ba. "Yaya, ban ce ya mutu ba. Ni ban sani ba. Amma gashina ya fara hurhura a ɗakin da ba miji ba gawa."

Kande ta ce, "Hurhura? Ke da ko haƙorin hankali ba ki gama ba."

"Inna, in kin ce in zamna, ina zamnawa."

Wannan ta fi zagi ciwo. Tsohuwar ma mace ce, ta san abin da ake nufi da shekara biyar ana sharar ɗakin da ba mai shigowa. Ta juya ga ɗanta.

"Kai wanga, mi kake jira? Ko sai na kama maka hannu?"

Munkaila ya buɗe inda ake rubuta launi. Ya goge kalmar kore, ya sa fari. Saura kusurwoyi. Fararen suna nan a ajiye, ya liƙa wa matattun garin sau da yawa, aikin da bai kai tauna goro ba. Ya kai linzami kansu. Sai ya tuna ranar da Zaidu, yana ɗan yaye, ya ɓace a gida aka yi ta nema, ashe ya shige bayan randa ya yi barci, ƙafarsa kaɗai ta leƙo. Hannun ya karkace, ya wuce kusurwoyin, ya danna a nuna shafi.

Intanet ɗin Konni ba ya gaggawa. Hoton ya riƙa saukowa daga sama, hula, goshi, wushirya. Ɗakin ya fito fari fat. A kusurwoyi huɗu kuwa ga ɗan kore nan a lanƙwashe, kamar tsiron gero a gefen gonar da aka share.

Barmo ya ce, "Fari na. Alhamdu lillahi. Allah shi jiƙan shi." Idonsa na mai amalanke ne, hanya yake gani, ba ya ganin tsakuwa.

Mansura ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta dubi ƙeyar Munkaila, wanda bai juyo ba. Kalma guda za ta faɗa ya cire su, kuma tana da haƙƙin faɗa. Kande ta matso da fuskarta ga gilashi, ta bi farin da yatsa har ta iso kwana, yatsan ya tsaya.

"Nan bai bushe ba," in ji ta, a hankali.

Can Mansura ta ja mayafinta ta rufe goshi.

"Ɗakin fari na, Yaya, kowa ya gani. Baba, mu tahi, rana na yi."

Washegari ta shiga takaba. Da ta fita aka ɗaura mata aure da Mato, ta tare a Malbaza. Illo ya kira ya ce akwai kuskure a hoton Zaidu, Munkaila ya ce zai duba. Duk wanda ya nuna masa wurin haka yake ce masa, zai duba.

Kande ta ci gaba da zuwa ranar kasuwa har idon ya tafi gaba ɗaya. Ko bayan nan ba ta daina ba. Ɗanta yakan kama yatsanta ya ɗora a gilashi, nan, nan, nan, da nan. Matar da ta cike lungunan ɗakinta da laka don kada kowa ya raɓe, ita ce ke zuwa gaida kusurwa. Almoustapha ya yi ta ƙorafi wai tana shafa masa man gyaɗa a kwamfuta, yana gogewa da gefen riga, amma ita ce kaɗai bai taɓa cewa lokacinta ya cika ba.

Da ta rasu, Munkaila ya koma Tajaye da gwangwanin farar ƙasa don ya shafe ɗakinta, a ba wani. Ya shafe bango uku. A kwanar da ke bayan randa ya tarar lakar da ta yaɓa an ƙwaƙule ta tun daga ƙasa har tsayin gwiwa, kusurwar ta fito da tsininta, a share tas, da ɗan buzu a shimfiɗe. Ya tsaya da buroshi yana ɗiga a kan ƙafarsa. Sannan ya kewaye wurin, ya ci gaba da shafe daga ɗaya gefen.