Minti Huɗun Baba Na'Allah

A Zangon Agege, in aka ambaci Na'Allah, buhun albasa ke fara faɗo wa mutane a rai. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana dako a kasuwar Ketu, yana sauke kaya daga motocin da suka kwana a hanya daga Arewa. Kakansa soja ne da Turawa suka kawo Ikko, ubansa mahauci, shi kuwa tun yana saurayi ya zaɓi gammo. Ana ba da labarin ranar da ya ɗora buhu biyu a ka ya tsallaka titin Ikorodu, motocin haya na danfo suna tsaya masa. Ban san gaskiyar labarin ba, shi dai bai taɓa musantawa ba. Yanzu shekarunsa saba'in da ɗaya, wuyansa har yau kamar turmi.

Aminin mahaifina ne, don haka Baba nake ce masa. Da na dawo daga karatu a Malesiya, na samu aiki da wasu masu bincike a wani ƙaramin asibiti da ke bayan layinmu. Ana ɗora tsofaffi a keken motsa jiki, a manna musu wayoyi a ƙirji, a sa musu wata hula ta roba mai wayoyi, a duba yadda zuciya da ƙwaƙwalwa ke aiki yayin da suke tuƙawa. Nawa shi ne rubuta suna da tafinta. Wanda ya yi minti goma sha biyar lafiya zai shiga rukunin keke na wata uku. Wanda bai kai ba, a mai da shi rukunin masu tattaki.

Baba Na'Allah ne ya fara rubuta suna. Na biyu shi ne Mamman Tela, maƙwabcinsa tun suna yara, siriri, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda zaman shago.

"Ni'ima, har da wannan za ku ɗora?" Baba Na'Allah ya tambaye ni. "Ku ɗaure shi da igiya, kar fanka ta kwashe shi."

"Kai dai ka yi ta kanka," in ji Mamman. "Keken mutane ne, ba motar albasa ba."

Ranar gwaji Baba Na'Allah ya zo da sabuwar shadda, sai da muka roƙe shi ya cire. Ya hau, ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya ja numfashi ya riƙe shi a ƙirji, ya danna ƙafa da dukkan ƙarfinsa. Haka ya saba yi in za a ɗora masa kaya: a riƙe numfashi har buhu ya zauna a ka. Likitar, wata Bayarbiya mai sanyin magana, ta ce in gaya masa ya riƙa shaƙa yana fitarwa. Na gaya masa. Ya yi sau biyu, ya koma wa sabonsa. A minti na huɗu jininsa ya hau fiye da iyakar da aka sa, ta ce a tsaya.

"Ban ma fara ba," ya ce.

"Baba, na'urar ce ta ce a huta."

"To na'urar ta gaji, ba ni ba."

Yana zaune a benci yana goge gumi aka ɗora Mamman. Ƙafafun Mamman suka kama juyawa a hankali, ba sauri ba tsayawa. Shekara hamsin yana taka keken ɗinki, ya ƙi na lantarki saboda ɗauke wuta. Layin da ke allon kwamfuta ya tafi sumul. Har hira yake yi da likita da Yarbanci. Minti goma sha biyar suka cika, ta tafa masa, ta ce zuciyarsa ta fi shekarunsa ƙuruciya.

Na so a ce ban fassara wannan ba. Ko da yake babu amfani, Baba Na'Allah ya fi ni jin Yarbanci.

Kafin la'asar labari ya zaga layi. A majalisar bakin masallaci aka fara kiran Mamman "Oga mai zuciya". Matar Baba Na'Allah, Inna Baiwa, ta gaya mini kwana biyu bai taɓa tuwonsa da kirki ba, kuma ya kwashe rigunansa uku daga shagon Mamman, ɗaya ma ba a gama wuyanta ba.

Baba Na'Allah ya same ni a ƙofar gida. "Kekensa da nawa ɗaya ne?"

"Ɗaya ne, Baba."

"Ba ku sassauta masa ba?"

"Wallahi ba mu taɓa ba."

"Mutumin da ko jarkar ruwa matarsa ke ɗaukar masa."

Ana ba kowa dama ta biyu bayan mako guda. Na yi masa bayanin sharuɗɗan da bakina: kar ya sha shayi, kar ya ci goro tun daga asuba. Ya ce ya ji. Amma a Ketu ɗan dako ba ya tunkarar babbar mota sai da goro a kunci, kuma a wurinsa wannan keken ya zama babbar mota. Ya ci manya guda biyu a hanya, ya kuskure baki. Tun kafin ya taka, zuciyarsa na gudu a allo. Likita ta dube shi, ta ce ya buɗe baki. Harshensa jawur.

"Ɗan ɓari ne," ya ce, bai kalli kowa ba.

Ba a bar shi ya hau ba. Na rubuta sunansa a rukunin tattaki.

Mako biyu bai zo ba. Wata safiya ya tare ni a bakin titi ina jiran babur ɗin okada, ya tambaye ni abin da hular ta nuna a kan Mamman. Na ce ba a faɗin sakamakon wani.

"Ba sai kin faɗa ba. Zare ne da maɓalli." Ya gyara hularsa. "Su masu tattakin, ana sa musu wayoyin?"

Na ce ana ɗaura musu ɗamara a ƙirji, da ƙaramar na'ura a ƙugu mai ƙyaftawa.

"Ana ganinta daga waje?"

"In ba a rufe ta da riga ba."

Ranar Alhamis ya riga kowa zuwa. Aka ɗaura masa, ya naɗe rigarsa a kafaɗa ya bar na'urar a fili. Hanyar da muka zana ta bi ta bayan kasuwa ne, amma shi ya ja tsofaffi bakwai ya karya da su ta layin teloli, ina binsu ina kira. A ƙofar shagon Mamman ya rage tafiya, ya ɗaga murya yadda na ciki zai ji.

"Ni'ima, rubuta. Minti ashirin ke nan, kuma ba a zaune nake ba."

Minti goma sha ɗaya ne. Na rubuta goma sha ɗaya, muka wuce.