Na Yi wa Inna Ƙarya a Kan Kabarin Baba

Muna ɓarar gyaɗa jiya na nuna wa Inna bidiyon mutanen Meziko suna share kaburburan iyayensu, suna jera furanni da abincin da mamacin yake so.

Na zata za ta ce bidi'a ce. Sai ta ce, "Ashe kowa ya san inda nasa yake. Kai ka san na Babanku ko?"

Na ce, "Na sani, Inna."

Wallahi ƙarya na yi. Ruwan bara ya baje kabarin, 'yan jari-bola sun cire allon ƙarfen da ke ɗauke da sunansa. Sau uku ina zuwa maƙabartar, ban gane shi ba.

Ita ba ta taɓa zuwa ba, da ni ta dogara. Jama'a, da wane baki zan faɗa mata?