Famfon kunun zaki

A azumin shekararmu ta shida a Madina mijina ya ɗaura wa tukunyar kununa famfo. Injiniya ne, ba ya iya ganin abu yana tafiya lafiya ya ƙyale shi. Kullum nakan dama kunun zaki na tsiron gero, tukunya guda, a kai masallacin unguwarmu a Khalidiyya don buɗa-baki. Matsalar ita ce hucewa. A zafin garin nan, kunun tsiro in ya daɗe da ɗumi sai ya fara tashi, abin da ke gaba da tsami kuwa ba a ko ambatarsa a birnin Manzo.

Sai ya sayo ɗan ƙaramin famfo, ya naɗe bututun jan ƙarfe cikin bokitin ƙanƙara. Famfon ya zuƙo kunu daga tukunya, ya bi da shi ta bututun, ya maido shi ta sama. Kafin rabin awa ya yi sanyi ƙarara. Kwana biyu yana cika mini baki. Wanke cikin bututun kuwa, daga ni har injiniyan ba wanda ya tuna.

A lokacin surukata Hajiya ta zo umara, tana gidanmu. Shekara bakwai da aurenmu babu haihuwa. Ta lura ban sha azumi ko ɗaya ba, sai ta fara kallona tana murmushi, tana hana ni sunkuyawa. Ranar sha tara ga azumi sai al'adata ta zo. Na yi kukana a banɗaki, na rasa bakin gaya mata. Na ci gaba da tashi sahur, lokacin salla in shige ɗaki in turo ƙofa. Mijina kaɗai ya sani.

Rana ta uku da sa famfo, bayan la'asar, na buɗe tukunya na ga kumfa tana tsattsafowa a gefe. Saura awa guda a sha ruwa, mutane sun fi hamsin suna jiran kunun nan.

Mijina ya ɗiga a harshe ya tofar. "Wallahi ban gane ba, bakina a bushe yake."

Hajiya ta shinshina. "Tsiro dama yana da wannan wari. Sai an kurɓa ake sani. Ko a kai haka, Allah ya san niyya?"

Mijina ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Na ji haushinsa har wuya, shi da famfonsa. Amma ba zan aika wa masu azumi abin da ban sani ba. Na ɗauki kofi, na kurɓa, na haɗiye a gabanta. Ya tsikari harshena, ya hau mini hanci.

"Ya tashi," na ce. "A zubar."

Famfon na ta gurnani, ba wanda ya kashe shi. Hajiya ba ta ko dubi tukunyar ba.

"Tun yaushe?"

"Kwana uku, Hajiya."

"Kwana uku kina zama da yunwa saboda ni?"

Ta buɗe firji, ta ɗauko gurasa da nono, ta ajiye a gabana. Idonta ya cika taf.

"Zauna ki ci, 'yata. Ni zan juya baya."